Argungu a Taswira, Argungu a Wasa: Littafin Aiki

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Aikin kashi biyu ne, kuma na biyun a kan na farko zai hau. Da fari mu cike taswirar garin Argungu a OpenStreetMap, tun daga tsohon gari har bakin Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi a gulbi. Sannan mu ɗauki taswirar mu mayar da ita filin wasa a cikin Minetest, wani wasan kwamfuta da ake gina komai da bulo a cikinsa, yadda yaro zai riƙe waya ya bi lungun unguwarsu da ƙafa, ya gangara gulbi, ya kama kifi tare da abokansa. Ba mu da yawa. Ni ne mai shagon kwamfuta da za a riƙa haɗuwa a ciki, sai ƙanena da ya fi ni hannu a rubuta manhaja, sai wasu 'yan kwalejin ilimi maza da mata, sai wani ɗan kabu-kabu da ya san garin nan kamar yunwar cikinsa.

Tambayar da kowa ke fara yi mana ita ce me ya hana mu ɗauko taswirar Google kawai. Amsar ba ta da tsawo: ta Google kallo ake ba ka, ba a ba ka kayan cikinta, kuma sharuɗɗansu sun hana kwafa. Ita kuwa OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, kowa na iya buɗe asusu ya zana, kowa na iya sauke bayanan gaba ɗaya ya yi abin da ya ga dama da su. Tun 2012 lasisinta ODbL ne, wanda ya ce ka faɗi inda ka samo, kuma in ka gyara bayanan ka fitar wa jama'a, to ka bar su a buɗe yadda ka same su. Na gaya wa 'yan aikin tun yau cewa ko sunan shago ɗaya kada wanda ya leƙa Google ya kwafo. Abin da ido ya gani a ƙasa, ko hoton sama da aka ba da izini, shi kaɗai zai shiga.

Manyan tituna mun same su a zane, da layin gulbi, da gine-gine nan da can waɗanda ka gani ka san daga nesa aka zana su. Lunguna da rijiyoyi da sunayen wurare su ne aikinmu.

Talata, 22 ga Oktoba, 2024

Wasan da muka zaɓa ya sauya suna muna tsakiyar shiri. Tun ranar 13 ga wannan wata Minetest ya koma Luanti. Ba abin da ya taɓa mu, injin dai shi ne wanda Perttu Ahola ɗan ƙasar Finland ya fara a 2010, kyauta ne, lambobinsa a buɗe suke, yana hawa ƙananan wayoyin Android, kuma ana ƙara masa duk abin da ake so da harshen Lua.

A wajen zane mun raba aiki. Sababbin shiga suna amfani da manhajar zanen taswira ta iD, wadda ke buɗewa a burauza. Ni da ƙanena muna kan wani abin zanen, JOSM, don shi sai ka sauke yanki guda, ka kashe data, ka yi ta zane har ka gaji, sannan ka kunna ka tura. A inda data ke da tsada kuma wuta ba ta da alƙawari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hotunan sama biyu muke dubawa, na Bing da na Esri, kuma ba su zauna daidai da juna ba. Gida ɗaya sai ka gan shi a wuri biyu, tsakaninsu 'yan mitoci. Don gane wanda ya fi kusa da gaskiya, ɗan kabu-kabunmu ya sa waya a aljihu da manhajar taswira ta OsmAnd a kunne tana ɗaukar sawu, ya yi ta kai da komo a babban titi yana neman kuɗinsa. GPS ɗin waya kan yi kuskuren mita biyar ko fiye, saboda haka sawu ɗaya ba hujja ba ne. Amma in suka taru da yawa, tsakiyarsu na nuna inda titin yake, sai mu ja hoton ya hau kai. Mun rubuta adadin jan a allon shago domin kowa ya yi aiki da iri ɗaya.

Wahalar gaske tana tsohon gari. Rufin kwano yana ƙyalli, ko makaho ya zana shi. Amma soron ƙasa launinsa ɗaya da ƙasar tsakar gida, inuwarsa kaɗai ke tona shi, ita ma sai in an ɗauki hoton rana ta karkata. Mun gwada gine-ginen da na'ura ta zana, irin waɗanda Google ta fitar wa Afirka a 2021 da irin na Microsoft, waɗanda lasisinsu ya yarda a yi amfani da su. A sababbin unguwanni masu gidajen bulo sun yi ƙoƙari. A cikin gari kuwa sai su haɗe ɗaki uku su zama ɗaya, su tsallake soro, su mai da rumbu mai kusurwa huɗu. Mun bar su a matsayin abin dubawa, zane kuma da hannu.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Mun fara fita da ƙafa. Mukan buga yankin da za a bi a takarda, kowa da biro, a rubuta abin da aka gani a kai, da yamma a dawo shago a shigar. Takarda ta fi waya a nan, ba ta mutuwa, kuma mutane ba sa tsarguwa da ita kamar yadda suke yi in ka ɗaga waya saitin ƙofarsu.

Kafin mu taka kowace unguwa sai mun je gaishe da mai unguwa. Na farkon da muka je wa ya karɓi takardar ya juya ta, ya gano masallacinsu da kansa, ya ɗora yatsa a kai, sannan ya ɗago.

"To, in kunka gama rubuta gidajenmu, wa za ku ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda za mu ba, kuma ba wanda za mu hana. Kowa na iya gani a wayarsa."

"Har masu haraji?"

"Har su. Amma ba sunan kowa a ciki, ba a rubuta gidan wane ne. Hanya ce da rijiya da masallaci da makaranta."

Ya yi shiru, ya ce a ba shi kwana biyu. Da muka koma ya haɗa mu da wani jikansa ya zaga da mu. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mutum ya ga baƙin yara da takarda suna ƙirga ƙofofi, abin da zai fara zo masa shi ne rusau ko haraji, kuma maganar da na gaya masa cewa ba mu iya hana kowa gani gaskiya ce da ya kamata ya auna.

A kan wannan muka zauna muka yanke abin da ba za mu sa ba. Ba sunan mai gida. Ba garke, ba wurin da ake kwantar da shanu ko raƙuma. Ba shingen jami'an tsaro. Ƙauyukan da ke wajen gari, musamman ta ɓangaren Augie, mun bar su yadda suke, don halin da ake ciki a can bai bar wa mutum sha'awar yawo da takarda yana tambayar hanyoyin daji ba. Wani daga cikin ɗaliban ya ce ai ɓarawo ba ya jiran taswira, ya riga ya san hanya. Haka ne. Amma amfanin sa garke a taswira bai kai ko kusa da abin da za a ce da mu ba in wani abu ya faru.

Wajen rarraba hanyoyi mun bi ƙa'idar da masu taswirar Afirka suka daɗe da yarda da ita: matsayin hanya aikinta ne, ba kwaltarta ba. Hanyar da ke haɗa gari da gari babba ce ko da yashi ce zalla, sai a rubuta irin shimfiɗarta daban. Lungun da mota ba ta shiga amma babur na ratsawa, mun sa masa faɗinsa da mita. Wannan faɗin zai yi mana rana a wasan.

Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024

Yau garin ya fara tsayuwa a cikin Luanti. Zan rubuta yadda aka yi dalla-dalla saboda 'yan Birnin Kebbi ko Gusau da za su so yin nasu.

OpenStreetMap tana ajiye wuri da digiri, shi kuwa wasan bulo yake ganewa, kowane bulo kimanin mita ɗaya ta kowace fuska. Digiri ba ma'auni ɗaya ba ne: daga kudu zuwa arewa digiri guda kusan kilomita 111 ne, amma daga gabas zuwa yamma a daidai inda muke kimanin 108 da rabi ne. In ka zuba digiri kai tsaye garin zai fito a ɗan miƙe. Don haka sai an juya bayanan zuwa tsarin UTM mai aiki da mita. Argungu tana shiyya ta 31 ta arewa, wadda ta kama daga digiri 0 zuwa 6 gabas, lambarta a QGIS, manhajar sarrafa taswira, ita ce 32631. Mutanen Gusau su lura, su sun haura digiri 6, tasu shiyyar ta 32 ce.

Mun yanki murabba'i mai kilomita huɗu kowane gefe. Ƙanena ya sauko da bayanan ta Overpass, kafar ciro bayanai daga OpenStreetMap, ya juya su a QGIS, ya mai da su hoto wanda kowane ɗigo a cikinsa mita ɗaya ne a ƙasa, ɗigo miliyan 16 ke nan. Kowane ɗigo na ɗauke da lamba: wannan titi, wannan gini, wannan ruwa, wannan gona. Sai ya rubuta 'yar manhaja da Lua wadda ke karanta lambobin tana jera bulo. Duniyar wasan mun buɗe ta fanko, ba tudu ba rami, kuma ba a gina garin gaba ɗaya lokaci guda. Luanti na ƙirƙirar ƙasa gunduwa-gunduwa, bulo 80 ta kowace fuska, sai ɗan wasa ya doso wuri ake gina shi. Shi ya sa tsohuwar kwamfutar shago ta iya ɗauka.

Tudu da gangare mun samo su daga ma'aunin SRTM, wanda kumbon Amurka ya ɗauka a Fabrairun 2000. Ɗigonsa mita 30 ne, kuma abin da ya fara tarar da shi daga sama yake aunawa, ko ƙasa ko kan itace. Duk inda ke da kurmin mangwaro ko darbejiya sai ya fito tsauni. Sai da muka lallashe shi sosai kafin gangaren da ke tsakanin gari da fadama ya yi kama da wanda muka sani.

A wurin da ɗan wasa ke fara sauka mun kafa allo mai cewa bayanan taswirar na masu ba da gudummawa ga OpenStreetMap ne. Lasisi ya wajabta, kuma mu ma muna cikinsu.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

An yi hutun makaranta, sai muka kira yaran unguwa gwaji. Ba intanet. Kwamfutar shago ce uwar garke, wato mai riƙe da wasan, rauta ɗaya ta haɗa kowa, yaro ya rubuta adireshin kwamfutar da lamba 30000 ya shigo. Yaran nan sun saba da Free Fire da PUBG, na ɗauka za su raina hoton bulo-bulo. Sun raina ɗin, na ɗan lokaci. Wani ya tambayi inda bindiga take. Sai ɗaya ya gane shataletale, ya yi ihu, daga nan kowa ya ruga neman gidansu.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi amfanin duk abin da muka yi zuwa yau. Ba a jima ba ƙorafi ya fara zuwa.

"Malam, lungunmu ba ya ɓullewa nan, akwai katanga."

"Malam, ina rijiyar bakin makarantar allo?"

"Wannan ba gida ba ne, injin niƙa ne."

Na sa ɗaya daga cikin ɗalibai mata ta zauna da littafi tana rubutawa. Taswirar da manya suka duba a takarda suka ce ta yi, yara sun shiga cikinta da ƙafa sun fito da shafi huɗu na gyara. Dalilin a fili yake. Mai kallon taswira daga sama yake gani, layi ya ɗan kauce ba ya damunsa. Mai wasa kuwa tafiya yake yi, in lungun da yake bi kullum zuwa sayen ƙosai ya toshe, karo zai yi da bango. Mun bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya a ƙasa kafin mu shigar, mafi yawansu yaran ne da gaskiya.

Sai kuma matsalar da ba wanda ya hango. Mun zana katangun gidaje da ɗakunan ciki yadda hoton sama ya nuna, manhajar kuma ta gina su yadda aka ba ta. A wasan yaro na iya jera bulo ya haura katanga. Kafin la'asar sun gano haka, suna ta faɗawa tsakar gidajen mutane suna dariya, wani na cewa ga shi a gidan su wane. Ba kowa a ciki, bulo ne kawai, amma fasalin gidan na gaskiya ne: ga zaure, ga shigifa, ga inda ɗakunan mata suke. Ɗalibar da ke rubutu ita ta ajiye biro ta ce, "Yaya, wannan fa in iyayenmu suka gani, aikin nan ya ƙare." Ta fi mu gani. Gidan da aka rubuta BA SHIGA a ƙofarsa, ba a ce ban da ta waya ba.

Ƙanena ya so a kulle haurawa kawai. Ni na ga hakan bai isa ba, tunda ana iya hawa bene ko itace a leƙa. Abin da muka tsaya a kai: a cikin wasan kowane gidan zama zai zama curi guda, a cike shi tun daga katanga har sama, a bar ƙofar zaure a zane amma ba ta buɗewa. Masallatai da makarantu da kasuwa da tasha su ne ake shiga. A taswirar ma mun daina zana katangun cikin gida, iyakarmu gine-gine da katangar waje.

Laraba, 29 ga Janairu, 2025

Hazo ya yi yawa, fita ta ragu, aikin ya koma shago. An sa sunaye da yawa a wannan watan. Inda wuri ke da suna biyu, na allo da wanda mutane ke kira, mukan sa duka, don mai nema da kowanne ya samu. Gidan tarihi na Kanta mun ba shi lokaci na musamman, mun gina shi da hannu a wasan maimakon mu bar wa manhaja. Tsohuwar fada ce, sarakunan Kabi sun zauna a cikinta har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958, bai kamata ta fito akwati mai kusurwa huɗu kamar sauran ba.

Wani yaro mai wayo ya gano cewa duk abin da ya shiga taswira yana ɓullowa a wasa in muka sabunta. Sai ya buɗe asusu a wayar yayansa, ya zana ƙaton filin ƙwallo a bayan gidansu, a kan gidajen maƙwabta shida. Mun gani ne a jerin gyare-gyaren yankin da nake dubawa kowace safiya. Maido da abin bai ɗauki lokaci ba, don OpenStreetMap na ajiye tarihin kowane layi, da wanda ya taɓa shi da ranar da ya taɓa. Ba shi ya fara ba, ba kuma a kansa za a ƙare ba. Tun da Pokémon Go ya koma amfani da wannan taswirar a 2017 masu wasansa ke zana lambunan ƙarya a ƙofar gidajensu don halittun wasan su fito musu, a 2024 ma har bakin teku suka riƙa ƙirƙira a garuruwan da ba su taɓa ganin teku ba.

Ban kore shi ba. Yaron da ya koyi zana fili shi kaɗai ba wanda ya nuna masa, ba na korewa ba ne. Na ce masa taswirar nan direban motar asibiti na iya dogara da ita, in yana son filin ƙwallo ga wani yanki can gefen wasan da muka ware, ya gina abin da ya so. Yanzu shi ke zana mana famfunan burtsatse na unguwarsu, kuma kusurwoyinsa sun fi na wasu 'yan kwalejin daidaita.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Gulbi. Na daɗe ina ɗage wannan ɓangaren.

Mun kai wa wani dattijo masunci takardar fadama, muka same shi yana ɗinkin koma a gindin itace. Ya duba shuɗin da muka shafa, ya bi shi da farce tun daga sama har ƙasa.

"Ɗana, wanga ruwa na wace shekara na?"

Na ce, "Baba, na hoton da muka samu ne."

"To hotonku na rani na. Nan da kunka sa gona, da kaka jirgi muka bi. Nan kuma da kunka sa ruwa, yashi ya cinye shi tun ambaliyar da ta ci shinkafa."

Ta 2020 yake nufi, wadda ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. Ya karɓi biro ya ja mana layuka uku: inda ruwa ke tsayawa ko da rani ya kai maƙura, inda yake kaiwa a damina ta kullum, da inda yake kaiwa in an sako ruwa daga sama. Sama a bakinsa ita ce madatsar Goronyo da ke kan Rima da ta Bakolori da ke Zamfara, waɗanda ruwansu ke haɗuwa kafin ya iso mana. Ya nuna mana mashigai, da guraben da ke da zurfi, da wani reshe da ya ce yana yaro da jirgi ake ƙetare shi, yau albasa ake nomawa a ciki.

Taswira irin tamu layi ɗaya take so, gulbin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Abin da muka iya yi shi ne mu zana ruwan dindindin a matsayin kogi, mu zana na damina daban da alamar cewa na lokaci ne, sauran fadamar kuma gonakin shinkafa da dausayi. Don tabbatar da layukan dattijon mun sauko da hotunan Sentinel-2 na Turai, waɗanda kyauta ne kuma ana sabunta su duk kwana biyar. Ɗigonsu mita 10 ne, ba su nuna gida, amma ruwa suna nuna shi sarai. Mun jera na Satumba da na Afrilu na shekaru da dama. Layinsa na biyu ya hau kan na Satumba kusan daidai. Waɗannan hotunan don fahimta muka duba su da kuma gina wasan, inda ba mu da takura: ƙanena ya sa ruwa ya riƙa hawa da sauka tsakanin layi na ɗaya da na biyu, rani da damina na juyawa.

Guraben kifi da ya nuna mana ba su shiga ko'ina ba. Ya ce sirrin sana'a ne, na ce ya zauna a haka.

Lahadi, 16 ga Maris, 2025

Azumi, ga zafi ya sauko. Aiki sai bayan tarawihi, shi ma kaɗan.

An rubuta dokokin gasar su, wato kamun kifi, a cikin wasan. Mun ɗauko su daga bikin kamun kifi na Argungu kansa, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Kowa na jeruwa a bakin Matan Fada da homa da gora, a ba da alama, a ruga. A gaske awa guda ake yi, mu minti goma muka sa saboda cajin waya. Mafi nauyin kifi shi ya ci. Akwai tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu birjik, giwan ruwa kuwa ɗaya tak a kowane zagaye, kuma mun tsayar da iyakar nauyinta a kilo 78, nauyin wadda ta ci gasar 2020. In ba lokacin gasa ba Matan Fada a rufe take, duk wanda ya jefa homa sai wasan ya ƙwace ta, kamar dai yadda Sarkin Ruwa ke hana taɓa wurin kafin biki. Yaran sun yi gunaguni a kan wannan, ban saurare su ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, 2025

'Yan garin da ke karatu a Aliero da Sakkwato da Zariya sun ji labari suna son shiga daga can, to dole wasan ya fita daga shago ya hau intanet. Nan muka ci karo da bango. Layukan waya ba sa ba ka adireshin da za a same ka daga waje, mutane da yawa ne ke raba guda, saboda haka kwamfutar shago ba za ta iya zama uwar garke ga na nesa ba. Sai haya. Masu araha a Turai suke, da kuɗin waje ake biya, katin naira kuma a lokacin ba ya wucewa. Wani ɗan'uwa da ke aiki a waje ya biya mana na 'yan watanni.

Yana aiki, amma da nauyi. Yaro a Tudun Wada ya danna tsalle, saƙon sai ya bi ta Legas, ya ratsa wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, ya dawo, kafin abokinsa da ke zaune kusa da shi ya gani. A wayata jinkirin na wasa tsakanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa zuwa fiye, da daddare ya fi muni. Yawo cikin gari ba ya damuwa da wannan. Gasar su ce ke shan wahala, don mutum biyu kan kai hannu kan kifi ɗaya kowa ya rantse shi ya riga. Ƙanena ya sauya dokar: kamu ba na wanda ya fara dannawa ba ne, sai ka riƙe homa a kan kifin na daƙiƙa uku. Rigima ta ragu.

Sai data. Tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairu, yaro ba ya kunna data don wasan da bai tabbatar da shi ba. Mun rage nisan da ake hangowa, mun ƙanƙanta hotunan bulo, don shigar farko ita ce mai ci, bayan nan wayar na ajiye su. Na shago ta rauta yana nan kyauta ranar Asabar da Lahadi, kuma har yanzu ya fi cika.

Asabar, 24 ga Mayu, 2025

Tsohon gari ya kammala a taswira, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sababbin unguwannin da ke hanyar Birnin Kebbi suna gaba da hoton sama, gidaje da yawa an gina su bayan an ɗauke shi, dole sai da ƙafa da GPS, kuma kusurwar gini da GPS ɗin waya abin a yi haƙuri ne. Kasuwa mun zana layukanta amma ba mu sa rumfuna ɗaya-ɗaya ba, 'yan kasuwar ba su gama shawara ba.

Ɗan kabu-kabunmu ya sauke taswirar a Organic Maps yana aiki da ita ba data. Ba don bai san hanya ba, don baƙin da ke kiransa su ce suna kusa da masallaci kaza. Wani ma'aikacin rigakafi ma ya zo ya nemi mu buga masa unguwanni biyu a babbar takarda, mun buga, ya biya kuɗin tawada.

Lambobin manhajar da bayanin yadda ake juya taswira zuwa wasa muna shirya su da Hausa, za mu sake su a buɗe. Abin da ya tsayar da mu shi ne cike gidajen zama: yanzu da hannu muke nuna wa manhajar wane gini ne na jama'a, kuma ba na son mu saki abin da wani zai kunna a garinsu ya tarar da tsakar gidaje a buɗe. Ƙanena na gyara shi yadda komai zai fito a rufe sai abin da aka ce a buɗe.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Dattijon ya ce mu dawo in ruwa ya kai layinsa na biyu, zai sa ɗansa ya zaga da mu a jirgi mu ɗauki sawun bakin ruwan da GPS. Kafin nan akwai buƙatar jakar leda mai kyau ta waya da batirin ajiya guda biyu, kuma ba a sayo ko ɗaya ba tukuna.